John Harrison, kafintan da ya ƙera wa teku agogo: yadda aka shawo kan matsalar sanin gabas da yamma a jirgin ruwa

Asalin matsalar, 1707 zuwa 1714

Duk wanda ya taɓa azumi a Sakkwato alhali yana da ɗan'uwa a Maiduguri ya san na Maiduguri kan riga shi shan ruwa da kusan rabin awa. Tsakanin garuruwan biyu akwai tazarar kusan digiri 8 daga gabas zuwa yamma, duniya kuwa tana juya digiri ɗaya cikin kowane minti 4, wato digiri 15 a awa guda. Ke nan idan ka san ƙarfe nawa ne a inda kake, ka kuma san ƙarfe nawa ne a garin da ka baro, bambancin ya isa ya faɗa maka nisan da ka yi gabas ko yamma. Wannan ɗan lissafin ne ya gagari matuƙan jiragen ruwa na Turai har cikin ƙarni na 18.

Sanin kudu da arewa bai ba su wahala ba. Tsayin rana idan ta take tsaka, ko tsayin tauraron arewa da dare, ya wadatar. Lokacin wurin da jirgi yake ma rana ce ke bayar da shi. Abin da ya ɓace musu shi ne lokacin gida, don babu agogon da zai riƙe shi makonni a kan ruwa. Saboda haka kintace suke yi: a jefa guntun katako ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, a ƙirga ƙullin da ya zare kafin yashin agogon yashi ya ƙare, a dubi kamfas, a rubuta. Kuskuren yau ya hau kan na jiya.

A watan Oktoba na 1707 ayarin jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Sir Cloudesley Shovell yana dawowa daga Bahar Rum, sai jirage 4 suka afka wa duwatsun tsibiran Scilly cikin dare. Mutum fiye da 1,400 suka halaka, har da shi jagoran. Kuskuren nasu bai tsaya ga gabas da yamma kaɗai ba, taswirorinsu ma ba daidai suke ba, amma girman asarar ya girgiza ƙasar.

A 1714, zamanin Sarauniya Anne, Majalisar Dokoki ta kafa doka da lada mataki uku ga wanda ya kawo hanyar sanin wurin jirgi bayan tafiya zuwa tsibiran Karibiyan: fam 10,000 idan kuskuren bai wuce digiri ɗaya ba, fam 15,000 idan bai wuce kashi biyu cikin uku na digiri ba, fam 20,000 idan bai wuce rabin digiri ba. Rabin digiri minti 2 ne na agogo. A tafiyar mako 6, agogon bai isa ya kauce da sakan 3 cur a rana ba. Isaac Newton ya shaida wa kwamitin Majalisar cewa agogo zai iya yin aikin a ƙa'ida, sai dai saboda rawar jirgi, zafi da sanyi, laima da bushewa, ba a ƙera irinsa ba tukuna. Aka naɗa hukumar da za ta riƙa duba masu neman ladan, galibinta manyan sojan ruwa da masana taurari.

Mai aikin da abin da ya zo da shi, 1713 zuwa 1730

John Harrison ɗan kafinta ne. An haife shi a 1693 a Yorkshire, ya tashi a ƙauyen Barrow a bakin kogin Humber, ya gaji sana'ar mahaifinsa. Bai taɓa zama ɗan koyo a shagon wani maƙerin agogo ba. Yana da shekara 20, a 1713, ya kammala agogon tsayensa na farko, kusan duk haƙoransa na katako.

Rashin malami ya sa ya dubi cututtukan agogo da idonsa na kafinta. Na farko mai. Man shafa wa agogo na wancan zamani daga dabba ko tsiro ake samunsa. Ya daskare da sanyi kamar man shanu da hunturu, ya tsinke da zafi, ya kwashi ƙura ya zama danƙo. Harrison sai ya kauce masa gaba ɗaya. Ya samo wani katako mai nauyi na ƙasashen zafi, wanda ake kira lignum vitae, mai fitar da maiƙonsa da kansa, ya sa shi a duk inda ƙarfe ke juyawa. Agogon hasumiya da ya ƙera wa gidan Brocklesby Park wajen 1722 da wannan dabarar yana nan yana aiki har yau.

Na biyu zafi. Sandar lilon agogo takan ƙara tsawo idan ta ji ɗumi, agogon ya yi jinkiri. Ya jera sandunan tagulla da na ƙarfe, ɗaya na miƙewa ƙasa ɗaya na miƙewa sama, tsawon ya tsaya yadda yake. Shi da ƙanensa James suka ƙera agogunan da ya ce ba sa kaucewa fiye da sakan ɗaya a wata. Yadda yake auna su abin a tsaya a duba ne: da dare ya tsaya a tagar ɗakinsa, ya daidaita idonsa da gefen taga da bututun hayaƙin gidan maƙwabcinsa, ya jira wani tauraro ya ɓuya a bayan bututun, ya lura da sakan ɗin da agogo ya buga. Kashegari tauraron zai ɓuya da wuri da minti 3 da sakan 56. Ma'auninsa ke nan, babu na biyu.

Wajen 1730 ya tafi Landan da zane-zanensa. Edmond Halley, babban masanin taurari na fada, ya tura shi wurin George Graham, wanda a lokacin babu kamarsa a ƙera agogo a Ingila. Graham ya saurare shi yini guda, ya ba shi rance ba ruwa.

Gwajin farko, 1735 zuwa 1737

Lilo ba ya aiki a jirgi, don haka a agogon tekunsa na farko, wanda yanzu ake kira H1, ya maye gurbinsa da sanduna biyu masu dunƙulen tagulla a kawunansu, an haɗa su da sifirin, suna kai-komo suna fuskantar juna. Duk abin da girgizar jirgi ta yi wa ɗaya, ɗayar ta warware shi. Ya ci shekara 5 a kai, ya gama a 1735. Nauyinsa kusan kilo 34, kuma ba ya shan mai.

A 1736 aka sa shi da agogon a jirgin Centurion zuwa Lisbon. Shi kansa ya sha wahalar amai a kan ruwa. A dawowa, cikin jirgin Orford, da aka hango ƙasa sai matuƙin jirgin, Roger Wills, ya ce gaɓar Start ce, a kudancin Ingila. Harrison ya dubi agogonsa ya ce Lizard ce, wajen mil 60 yamma da inda suke zato. Lizard ɗin ce kuwa, kuma Wills ya rubuta masa takardar shaida.

A 1737 hukumar ta zauna ta saurare shi. Kowa na jiran ya nemi a kai shi Karibiyan, sai ya tashi ya lissafo aibin agogon nasa da bakinsa, ya nemi kuɗin ƙera wanda ya fi shi. Aka amince masa da fam 500.

Hanyar da ba ta ɓulle ba, 1737 zuwa 1759

Na biyu, H2, ya fi na farko nauyi da ƙarfi. Bai taɓa hawa ruwa ba. Yaƙi ya ɓarke da Sifaniya a 1739, ana tsoron kada ya faɗa hannun abokan gaba. Sannan shi mai shi ya gano cewa idan jirgi ya yi kwana, juyawar tana jan sandunan nan biyu ta hanyar da ba sa iya warware wa juna. Aibin yana cikin tushen ƙirar, gyara ba zai fid da shi ba.

Sai ya fara H3 wajen 1740, da ƙafafu masu da'ira a madadin sanduna. Shekara 19 ya yi a kansa, yana kwancewa yana ɗaurawa, hukumar tana ɗan yafa masa fam ɗari biyar-biyar. Gutsattsarinsa sun haura 700. Abubuwa biyu da ya ƙirƙira a cikinsa sun wuce agogon kansa daraja. Ɗaya shi ne ɓallen tagulla da ƙarfe da aka manne su baya da baya, wanda ke lanƙwashewa idan ya ji zafi. Irinsa ne yau ke kashe dutsen guga na lantarki idan ya yi zafi sosai. Ɗayan kuma ƙananan naɗaɗɗun ƙarafa ne da aka tsare cikin keji suna gangarawa, kakan boris ɗin da ke cikin injuna. A 1749 ƙungiyar masana ta Royal Society ta ba shi lambar Copley, mafi girman lambarta. Duk da haka agogon bai kai ga sakan 3 a rana ba. Manyan ƙafafun masu nauyi da nawa sun ƙi ba da bugu iri ɗaya.

Juyawa zuwa ƙaramin agogo, 1753 zuwa 1759

Wajen 1753 wani maƙerin agogo na Landan, John Jefferys, ya ƙera masa agogon aljihu bisa zanensa, don ya riƙa amfani da shi wajen auna manyan. Kowa a lokacin ya ɗauki agogon aljihu abin ado, mai kauce wa lokaci da minti ko fiye a rana. Wannan kuwa ya riƙe lokaci fiye da zato. A 1755 Harrison ya shaida wa hukumar cewa yana ganin mafita na cikin ƙaramin agogo. Yana da shekara 62.

Dalilin shi ne, babbar ƙafa mai tafiya a hankali, motsin jirgi yana kusa da nata motsin, sai ya rinjaye ta. Ƙaramar ƙafa mai sauri da faɗin juyi tana ɗauke da ƙarfin da rawar jirgi ba ta isa ta taɓa ba, kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa ƙyam muddin tana juyi da ƙarfi.

Ƙaramin agogon tekun, H4, ya kammala a 1759. Faɗinsa santimita 13, nauyinsa kilo 1.45, gidansa na azurfa. Yana bugu 5 a sakan. Ƴan haƙoran nan biyu da ke kamawa suna sakin ƙafar an sassaƙa su ne daga daimon, ƙanana ƙwarai, da wani lanƙwaso na musamman. Akwai ƙaramin sifirin da babban ke sake murɗawa duk bayan sakan 7 da rabi, don ƙarfin da ke isa ga ƙafar ya zama ɗaya ko an daɗe da murɗa agogon ko yanzu aka murɗa. Ba ya tsayawa a lokacin da ake murɗa shi. Abu ɗaya ya sadaukar: H4 sai da mai.

Jamaika da Barbados, 1761 zuwa 1764

Tsufa ya hana shi tafiya, ɗansa William ya tafi. Ranar 18 ga Nuwamba 1761 jirgin Deptford ya tashi daga Portsmouth, agogon na cikin akwati mai makullai 4, kowane mabuɗi a hannun mutum daban. A hanya William ya ce gobe za a ga tsibirin Madeira, kyaftin Dudley Digges ya ce da sauran tafiya. Da gari ya waye sai ga Madeira. Suka isa Jamaika ranar 19 ga Janairu 1762. Da aka cire ɗan jinkirin da aka san agogon na yi kullum, kuskurensa sakan 5 ne bayan kwana 81 da daidaita shi a Portsmouth tun kafin tashi. A dawowa, cikin ƙaramin jirgin Merlin, igiyar ruwa ta riƙa shigowa har William ya naɗe agogon da bargo. Jimillar kuskuren zuwa da dawowa bai kai minti 2 ba.

Hukumar ba ta biya ba. Hujjarta ita ce ba a bayyana adadin jinkirin nan na kullum a gabanta kafin tashi ba, kuma ba a tabbatar da ainihin wurin Jamaika a taswira ba. Ta ba da fam 1,500, ta ce a sake.

Ranar 28 ga Maris 1764 William ya sake tashi a jirgin Tartar zuwa Barbados, wannan karon an rubuta adadin an ajiye. Tafiyar kwana 47. Kuskuren ya kama sakan 39, wato wajen mil 10, kashi ɗaya cikin uku na abin da doka ta yarda da shi.

Wanda aka tura Barbados ya auna wurin tsibirin ta taurari shi ne Nevil Maskelyne, kuma shi ne babban mai goyon bayan ɗaya hanyar, ta auna tazarar wata da taurari a duba jadawali a fitar da lokacin Greenwich, inda gidan duban taurari na fada yake kusa da Landan. Jadawalin Tobias Mayer, Bajamushe, ya sa hanyar ta fara aiki. Kayan aikinta ba su da tsada, amma lissafinta a farko yakan ci awa 4, kuma kwanakin ɓuyan wata ko hadari babu abin aunawa.

Takaddama da hukumar, 1765 zuwa 1773

A 1765 Maskelyne ya zama babban masanin taurari na fada, ya shiga hukumar. A shekarar aka yi sabuwar doka: rabin ladan idan Harrison ya bayyana sirrin agogon ya miƙa duk abin da ya ƙera, sauran rabin sai an nuna wasu irinsa za su ƙeru su yi aiki.

A watan Agusta, a gidansa na Red Lion Square, ya kwance H4 gutsure-gutsure a gaban mutum 6 cikin kwana 6. Cikinsu akwai maƙeran agogo Thomas Mudge da Larcum Kendall. Aka cika masa fam 10,000. A Mayu 1766 aka zo aka kwashe manyan agogunan uku zuwa Greenwich, H1 ya suɓuce wa masu ɗauka ya faɗi. Maskelyne ya gwada H4 na wata 10 ya ba da rahoton cewa ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Harrison ya ce an bar shi a taga rana na dukansa, kuma ba a wanke shi ba bayan kwancewa.

Hukumar ta ba Kendall aikin kwafar H4. Ya gama a 1769, aka biya shi fam 450 da ƙarin 50. Shi kuma tsohon, ba agogonsa a hannunsa, idonsa ya raunana, ya ƙera H5. A 1772 William ya kai kuka wurin Sarki George na Uku. Sarkin ya sa aka gwada H5 a gidan duban taurarinsa na Kew mako 10, kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin uku na sakan a rana ba. Hukumar ta ce ba gwajinta ba ne. A 1773 Majalisa ta ba shi fam 8,750 kai tsaye. Jimillar abin da ya karɓa a rayuwarsa ta kai fam 23,065, amma babban ladan da sunansa ba a taɓa miƙa wa kowa ba. Ya rasu ranar 24 ga Maris 1776.

Abin da ya kai agogon cikin kowane jirgi, 1772 zuwa 1831

Kwafin Kendall ya bi kyaftin James Cook a tafiyarsa ta biyu, daga 1772 zuwa 1775, daga zafin tsakiyar duniya zuwa ƙanƙarar kudu, Cook ya dawo yana yabonsa. Wannan ya kashe maganar cewa sa'a ce.

Sai dai fam 450 da shekara fiye da 2 a kan agogo ɗaya ba abin da za a raba wa ɗaruruwan jirage ba ne. Da Kendall ya sauƙaƙa ƙirar don rage kuɗi, na biyunsa da na ukunsa ba su kai na farko ba. A Faransa, Pierre Le Roy ya riga ya nuna wata hanya a 1766: a bar ƙafar ta yi juyinta a sake, a taɓa ta sau ɗaya kawai a ba ta ƙarfi, a kuma sa maganin zafi a jikin ƙafar. John Arnold da Thomas Earnshaw a Landan suka kai wannan ga ƙarshe wajen 1780, da ɗan siririn sifirin mai kamawa da saki wanda ba ya bukatar mai a bakinsa. Sun yi ta jayayya kan wanda ya fara, har a 1805 hukumar ta cika wa Earnshaw fam 3,000, ɗan Arnold ma haka. Suka raba aikin ga masu yin sifirin, masu goge duwatsu, masu yin akwati, farashi ya sauko ƙasa da fam 100. A 1831 jirgin Beagle ya tashi da kuronomita, wato irin wannan agogon teku, guda 22.

Yadda nake ganin lamarin

Abin da ya ci nasara a hannun Harrison shi ne yadda yake bin kowace cuta ita kaɗai, mai daban, zafi daban, girgiza daban, da kuma yadda ya iya barin aikin shekara 19 saboda shaidar wani ɗan agogon aljihu. Wannan na biyun ya fi burge ni. Mutumin da ya ba wa sittin baya, an ba shi lambar yabo a kan manyan agoguna, ya yarda cewa ba can hanyar take ba.

Abin da ya gaza kuwa har da nasa laifin. Bai nemi gwajin Karibiyan a 1737 ba, ya riƙe sirrinsa tamau, kuma bayaninsa a rubuce yana da wuyar fahimta. Hukumar ta cuce shi da ta sauya sharaɗi bayan ya cika na 1714 sau biyu, ta kuma bar mai goyon bayan hanyar wata ya yi alƙalanci a kan agogo. Amma tambayarta gaskiya ce. Agogo ɗaya da tsoho ɗaya ya san cikinsa ba zai tsare ran matuƙi a jirgi na ɗari ba. Kuronomitar da ta cika jirage ta ɗauki kaɗan ne daga cikin H4. Ƙirar Le Roy da Arnold da Earnshaw ce. Su kuwa ba na jin za su zuba ransu a kan ƙaramin agogo da sakan 39 na Barbados bai nuna musu abin zai yiwu ba.

Agogunan sun yi sama da shekara 150 a ajiye, tsatsa da datti suka cinye manyan. A 1920 wani hafsan sojan ruwa, Rupert Gould, ya nemi izinin gyara su ba tare da an biya shi ba, ya yi shekara 13 a kai, shi ne ma ya laƙaba musu H1 zuwa H5. H5 yana gidan tarihin kimiyya na Landan. Sauran huɗun suna Greenwich, a kan layin nan da ake fara ƙirga digirin gabas da yamma daga gare shi, wanda ya ratsa har Tema a Ghana. Manyan ukun, waɗanda ba su ci ladan ba, suna ta kai-komo a cikin gilashi don ba sa shan mai. H4 kuwa an tsayar da shi, saboda duk kwanan da ya yi yana aiki mai na bushewa, ƙarfensa na cinyewa.